Tafintan da Ya Ce "Yes"

Iliyasu mutumin Janfalan ne, ɗan manoma, kuma bai taɓa zama a ajin boko ba. Turancin da yake ji a kicin ya tsince shi. Shekara tara ya yi a Zariya yana dafa wa wani Baturen jirgin ƙasa abinci, har ya san yadda ake cewa kawo ruwa, rufe ƙofa, nama bai nuna ba. Da Baturen ya koma ƙasarsu sai Iliyasu ya dawo gida, ya yi aure a Ikara, ya kama noman dawa da gyaɗa. Mutane suna kiransa Iliyasu Kuku, shi kuwa bai damu ba.

A shekarar 1943, ana tsakiyar yaƙin Turawa, gwamnati tana ɗiban maza daga ƙauyuka tana kai su Jos haƙar kuza, kowane rukuni wata huɗu. Waɗanda suka dawo kan dawo da tari da kumburin ƙafa, wasu kuma sai dai a kawo rigarsu. A wannan damina Di'o ya fito rangadi, wani dogo da mutane suka sa wa suna Mai Lofe, don ba ya rabuwa da lofen taba. Tafintansa ya kwanta zazzaɓi a Ikara, Di'on kuwa sabon zuwa ne, Hausarsa ba ta wuce sannu ba. Sai hakimi ya aika aka kira Iliyasu daga gona.

"Ranka ya daɗe, Turancina na tukunya ne," in ji Iliyasu.

"Kwana uku ne kawai," hakimi ya ce. "Je ka sa riga."

A rana ta biyu suka isa Nasarawan Doya, a ƙasar Makarfi. An tara jama'a a ƙofar gidan dagaci da hantsi, aka karanta cewa ana neman mutum goma sha biyu. Wani dattijo mai suna Ashafa ya miƙe, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Ɗansa na fari ya mutu a Jos bara, saura ɗaya gare shi, Sa'idu, shi ke riƙe da gonar gidan.

Ya dubi Iliyasu ya ce, "Ɗana, ka gaya masa ba mu ƙi ba. Bara mun jure, bana ma muna jurewa. Roƙo muke a bar mu mu kai amfanin gona gida tukuna."

Iliyasu ya buɗe baki, sai ya ga bai san yadda ake cewa jurewa ba. Ya tuna tsohon maigidansa, in zafin bazara ya dame shi yakan ce ba zai iya "stand" ɗin zafin nan ba. Da wannan kalma ya yi amfani. Ya ce wa Di'o mutanen nan sun yi "stand" bara, bana ma haka.

Mai Lofe ya cire lofen daga bakinsa. Ya yi wata tambaya da sauri, a cikinta akwai kalmar "resist". Iliyasu bai taɓa jin ta ba. Jama'a sun zuba masa ido, dagaci na kallonsa, kunya ta hana shi cewa bai gane ba. Ya ce, "Yes, sa."

Nan take Di'o ya rubuta wani abu a takarda, ya yi wa dogarai nuni. Suka ɗaga Ashafa suka ɗaure masa hannu. Tsohon yana ta tambaya, "Me na ce? Ɗana, me ka gaya masa?" Shi kansa Iliyasu bai san abin da ya amsa wa Di'o ba. Aka kuma ƙara mutum shida a kan goma sha biyun.

Sai da suka koma Ikara ya sami akawun hakimi, Malam Zainulabidin, wanda ya yi makarantar Midil a Zariya, ya maimaita masa kalmar yadda kunnensa ya riƙe ta.

Akawun ya ajiye alƙalami. "Turjiya ke nan. Ya tambaye ka ko suna bijire wa gwamnati ne, ka ce masa e."

"To jurewa fa, Malam?"

"Ita ce 'endure'. Wanda ya yi ta, ya sunkuyar da kai ne ya ɗauki wahala. Wanda ya yi waccan kuwa ya ja daga. A lokacin yaƙi ba sa wasa da ita."

Iliyasu ya sa aka rubuta masa takardar gyara, ya dangwala hannu. Ya taka da ƙafa har Zariya, ya kwana huɗu a gindin bishiyar da ke gaban ofishin Di'o. A rana ta biyar masinja ya karɓi takardar, ya fito ya ce an riga an yanke wa Ashafa hukunci, wata shida, kuma Di'on an mayar da shi wani lardi. Iliyasu ya nemi a bar shi ya ga Ashafa a gidan yari, aka hana. A wata na huɗu ciwon ciki ya kashe tsohon a can.

Ranar sadakar bakwai Iliyasu ya je Nasarawan Doya. Maza suka amsa sallamarsa ciki-ciki, babu wanda ya matsa masa a tabarma. Ya roƙi a yi masa iso wurin matar mamacin, Lantana. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya faɗa mata duk abin da ya faru, bai rage komai ba.

Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta ce, "Ni ban san Turanci ba. Na dai san da ƙafarsa ya fita gidan nan. Me ya hana ka ce ba ka gane ba?"

"Kunya ce, Inna."

"Kunya," ta ce, ta juya fuskarta bango.

A wurin ya ji cewa sunan Sa'idu yana cikin rukunin da za a ɗiba bayan girbi. Ya tafi wurin dagaci ya ce a cire yaron a sa shi. Dagaci bai yi gardama ba, tunda ƙidayar kai ake yi. Matar Iliyasu ta yi kuka, ta ce ai ba da gangan ya yi ba, ya ce ya sani.

Ya yi wata huɗunsa a Jos, yana ɗaukar ƙasa a kwano daga rami zuwa bakin ruwa, cikin sanyin da bai taɓa jin irinsa ba. Sau da yawa ya ji Baturen wurin yana magana ana fassara ta a karkace, amma bai taɓa nuna yana jin ko kalma ɗaya ba. Ya dawo da tarin da bai sake barinsa ba.

Noma ya gagare shi. Ya koma Kudan wurin ƙanwarsa, yana zama a gaban kaskon mazarƙwaila yana juya ruwan rake, aikin da ba ya bukatar ƙarfi sosai. A nan ya rasu a 1949, bai kai hamsin ba. Sai bayan kasuwa biyu labarin ya isa Nasarawan Doya. Sa'idu ne ya shiga ya gaya wa uwarsa, ya same ta tana ɓarar gyaɗa. Ta ce Allah ya jiƙan Musulmi, ta tambaye shi ko ya ɗaure akuyoyi.