Fim ɗin da Na Kai wa Sale Dugabau

Kano zuwa Gwarzo

Ƙarfe biyar da rabi, gari bai waye ba, na shiga wata tsohuwar mota a tashar Kabuga, naira dubu biyu da ɗari biyar. A wayata akwai wani tsohon fim ɗin Turkiyya, na wasu masunta biyu matalauta. Sale zan kai wa.

Ni da Sale muka buɗe gidan kallo a Gwarzo muna samari, rumfar kwano da benci shida. Ba ya jin Turkanci ko kalma ɗaya, amma sai ya tsaya gefen talabijin yana sa wa 'yan wasa magana a baki, har dattawa su share hawayen dariya. Ni aikina tayar da janareto. Da na tafi Kano na shiga harkar fassarar finafinai, na ce masa wata uku zan dawo in ɗauke shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Shinge biyu muka wuce. Bakwai saura muka ratsa Kabo ina gyangyaɗi.

Gwarzo

Rumfarmu ta zama shagon taki. Inna Talatu mai waina tana nan inda na bar ta. Bayan mun gaisa na tambaye ta Sale.

"Ai shekara shida da komawarsa Dugabau," in ji ta. "Kai da kake amininsa ba ka sani ba?"

Na biya wainar ɗari biyar, na kasa cin rabi.

Dugabau

Na koma Kabo, na hau acaɓa naira dubu, muka bi ta cikin gonakin dawa. Sha ɗaya da kwata na yi sallama. Sale yana kan tabarma yana ɓarar gyaɗa, ya ɗago kai amma ba wajena yake kallo ba. Ashe idon ya tafi tun bara waccan.

"Habu mai janareto," ya ce. "Wata ukun ya cika?"

Muka gaisa, aka kawo fura. Kunya ta hana ni zancen fim, shi ya tono ni. Na kunna, ya kasa kunne.

"To faɗa mini, ai yanzu kai ne mai fassara."

Na fara. Da aka zo inda masuncin da ya yi arziki zai bar ɗan'uwansa a bakin ruwa, sai na ji Sale yana faɗin maganar tare da ni, kalma da kalma. Tasa ce, tun zamanin rumfarmu. Da ita na yi suna a Kano, ban taɓa ambatonsa ba.

"Na sha jin ta a wayoyin mutane," ya ce. "Ban ji haushin ɗaukar ba, Habu. Na dai so ka zo mu yi dariyar tare lokacin ina gani."

Na ce ya shirya mu tafi Kano yanzu. Ya yi murmushi, ya ce me zai je ya kalla?

Komawa

Bayan la'asar na taso da ƙullin gyaɗar da ya ɓare mini. Ana kiran magariba na shiga gida. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Inna Talatu. Sale kuwa, yau na rubuta sunansa, a wannan takardar da ba zai iya karantawa ba.