Fitilar Da Ba Ta Ganin Baba

Ni dai da farko tsaki na yi. Ranar da mai benen da nake haya a ciki ya tara mu ya ce za a cire duk ƙwayayen wuta a sa masu kunna kansu da kashe kansu, na raɗa wa maƙwabciyata mai atamfa, "Wannan Alhajin kuɗi ne suka yi masa yawa. Makunnin bango ciwon me yake yi?" Amma tsakani da Allah mu muka jawo. Bene ne hawa uku a bakin titi, shaguna a ƙasa da tsakiya, ofisoshi a sama, kowa ya tashi ya bar wuta kamar gidan biki. Banɗaki wuta, matakala wuta, rana tsaka tana dukan taga ƙwai yana ci, janareta kuma yana ta gurnani a bayan gini yana shan man dizal. Ni kaina, mai shagon buga takardu, ban taɓa waiwayar makunni ba.

Gani ya kori ji. Safiyar da aka gama aikin na shigo baranda da ɗan duhunta, ina sa ƙafa sai fitilar farko ta buɗe. Na ƙara taku, ta biyu ta buɗe. Na tsaya cak, na koma baya na sake. Mace da 'ya'yanta huɗu, ina ta kai-komo a baranda ina faɗin ikon Allah! Injiniyan da ya yi aikin ya nuna mini wani ɗan abu fari a jikin silin, bai fi rabin ƙwan kaza ba, ya ce shi ke jin motsin mutum. In ya daɗe bai ji motsi ba, sai ya riƙa rage hasken a hankali. Na kusa da taga kuma rana suke aunawa: in ta haska su sassauta, in hadari ya rufe ta su ƙara. Da damina na zauna na ga hakan da idona, gajimare na wucewa fitila na biye da shi. Ba a jima ba aka daina tada babban janareta da rana, sola da aka sa a rufin ginin ta ɗauke fitilun, har muka fara jin kiran sallar masallacin tsallaken titi daga cikin shago. Wallahi na janye tsakina.

Mahaifina ma a ginin yake aiki. Ɗinkin hannu yake yi, aikin wuyan babbar riga. Iyayensa makiyaya ne, shi ne ya zauna a Ƙofar Wambai tun yana saurayi ya kama allura. Ni na samo masa wuri a shagon manyan riguna na hawa na tsakiya, aka ba shi wani ɗan ɗaki a ciki, babu taga, babu hayaniya, kuma na yi alfahari da hakan. Ni ce 'yar fari, don haka tsakanina da shi gaisuwa ce kawai, sai kowa ya sunkuyar da kai.

Kamar wata biyu da sa fitilun, mai shagon rigunan ya sauko wurina. Ya ce, "Hajiya, Baba ya ce daga Juma'ar nan ya ajiye allura. Na tambayi dalili, ya ce babu komai."

Kaina ya yi zafi. Na ce, "Babu komai? To wa ya faɗa masa magana a cikinku?" Ya yi ta rantsuwa, ni kuwa na yi ta zazzaga masa, bawan Allah bai ci ba bai sha ba. Na tambayi mahaifiyata, ta ce abinci ma kaɗan yake taɓawa, in an yi magana ya ce lafiya lau. Fulako ke nan, ciwo yana cin mutum yana cewa alhamdu lillahi. Tsoro ya kama ni, domin na san mahaifina. Bai iya zaman majalisa ba, bai iya zaman banza ba. Ranar da ya ajiye allura, kwanciya ta zo.

Bayan azahar na hau. Ina shiga ɗakin haske ya cika shi tar. Baba yana kan buzunsa, shadda fara a gwiwa. Na gaishe shi na zauna a bakin ƙofa. Na zo da magana cike da baki, ni da ba a kai ni ƙarshen zance a benen nan, amma a gabansa harshena ya ƙi. Na sunkuyar da kai, shi kuma ya ci gaba da ɗinki.

Rabona da in zauna in kalli aikinsa tun ina ƙarama. Jikinsa duk a tsaye yake cak, kafaɗa ba ta motsi, gwiwar hannu ba ta motsi, kan ma ba ya ɗagawa. Kan yatsu uku ne kaɗai ke aiki, allura na nitsewa tana fitowa, zare yana kwanciya kusa da ɗan'uwansa ba ka ganin tsakani. Na shagala da kallo har na manta abin da ya kawo ni. Ban san tsawon lokacin da muka yi haka ba.

Sai hasken ya fara ja da baya, sannu sannu. Na ga Baba ya matso da shaddar kusa da fuskarsa. Ya ƙara matsowa. Sannan ya tsaya, ya rufe ido, leɓɓansa suna motsi da salati.

Na ce, "Kai, wannan wutar ta fara halin nata."

Ya buɗe ido. "Me kika ce?"

"Wutar ce ta ragu, Baba."

Ya sauke shaddar a gwiwa. Da murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ke ma kin ga duhun?"

Na ɗaga hannu sama na kaɗa, ɗakin ya cika da haske.

Nan ya gaya mini, a taƙaice irin nasa. Duk sanda ya duƙufa kan aiki sai duhu ya riƙa sauko masa. In ya miƙe ko wani ya shigo, sai ya yaye. Sai ya ɗauka allura ce ke cin idonsa, kamar yadda ta ci na wanda ya koya masa ɗinki. Ba wanda ya taɓa ganin duhun sai shi, domin duk mai shigowa da motsinsa yake shigowa. Na'urar da ke jin kyanwa in ta gifta a baranda ta kasa jin mahaifina yana aiki.

Ban san sanda na ɗaga murya ba. "Haba Baba! Wata biyu! Ba ka da bakin faɗa?" Tunda aka haife ni ban taɓa yi masa haka ba, kuma ina yi ina kuka. Washegari injiniyan ya zo ya gyara na'urar ɗakin yana ta girgiza kai, ya ce bai taɓa ganin mai aiki da ke zama haka ba. Amma wannan daga baya ne.

A ranar Baba ya gyara zama a kan buzunsa. Ya ce in zauna mu jira. Muka jira, duhun ya sake saukowa. Ya ɗaga hannunsa da kansa, a hankali kamar mai tsoron kada a gan shi, haske ya dawo. Ya yi wata 'yar dariya, ya share ido da bakin rawaninsa. Ya tsinke zare, ya lasa, ya zura a kafar allura a karo ɗaya.

Bai dube ni ba ya ce, "Kullum yaranki suka zo gaishe ni, sai in yi ta kallonsu. Ina so ne in riƙe kamanninsu kafin idon ya gama rufewa."