Ka Ce Min An Duba, Yaya

Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, Allah Ya karɓi ran yayana, kafintan da duk layinmu ke kira Sha-yanzu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Yaya, masu gaisuwa suna ta yabonka, ni kuwa ina amsawa. Gaskiya suke faɗa. Aikin mutum bai taɓa wuce ranarsa a shagonka ba. Ranar da ƙofar tsohuwar nan maƙwabciyarmu ta ɓalle, kana tsakiyar cin abinci ka ajiye cokali ka ɗauki guduma. Da na yi ta jan ƙafa kan komawa karatu bayan na haihu, kai ka karɓe jaririyar daga hannuna ka ce, "Tashi, Auta. Mai cewa gobe, jibi yake nufi." Yau ina koyarwa, albarkacinka.

To, me ya sa ka yi mana haka?

Bara da ƙullutu ya fito maka a wuya, ni na kai ka asibiti. Likita ya ce ka dawo a yanki kaɗan a gwada. Ka ce bari ka gama kujerun makaranta. Ka gama, ka ce sai an sauke katako. Da na matsa, na raka ka har bakin asibitin na wuce aiki. Da yamma ka dube ni ido cikin ido ka ce, "An duba, kitse ne kawai." Matarka har kukan murna ta yi.

Sai da ka yanke jiki ka faɗi a shago da zarto a hannunka, muka kwashe ka, likitan nan ya ce min, "Ina kuka kai shi duk tsawon lokacin nan? Tun zuwan farko ban sake ganinsa ba." Ashe benci ka samu ka zauna har na ɓace, ka koma bakin aikinka.

Na tambaye ka a gadon asibiti. Ka juya fuska bango ka ce, "Tsoro nake ji, Auta. Muddin ban ji sakamakon ba, gani nake lafiyata ƙalau."

Na san idan kwana ya ƙare babu likitan da zai ƙara shi. Amma da ka faɗa min tun farko, da na riƙe hannunka mun shiga tare. Wannan ka hana ni, kuma da ƙarya ka hana ni.

Zuciyata ba ta huce ba tukuna. Duk da haka na yafe maka, don ba zan so ka tsaya gaban Ubangiji da haƙƙina a kanka ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi, Ya haskaka makwancinka. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarmu, da matarka, da 'ya'yanka. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya raya abin da ka bari.