Majvor da Taurarin Rumfunan Bas

Kafin bas ɗin farko ya fito, Majvor Nystedt ta riga ta kwashe ƙanƙara a rumfunan jira na hanyarmu, ta watsa yashi don kada tsofaffi su zame. Aikinta ke nan tun ina 'yar makaranta. Idan Disamba ta kama, rana na faɗuwa tun ba a wanke kwanukan abincin rana ba, sai ta ɗauko tsani ta rataye tauraron takarda mai fitila a kowace rumfa, irin wanda muke sawa a taga lokacin Kirsimeti.

Kamfanin bas ne ke sayen taurarin. Sixten, direban da ya fi kowa mita, bai taɓa yarda da hakan ba.

"Haba Majvor! Mota na kukan taya, ke kina yi wa katako kwalliya?"

"Kai dai ja motarka, Sixten. Da fuskarka za ta samu fitila, da fasinjoji sun huta."

Mu masu tsayuwa a bakin daji mun san amfaninsu. Tsohuwa Elvy ta faɗa mini tun da mijinta ya rasu ba ta iya zama ita kaɗai a rumfa mai duhu, tauraron nan ne ke fito da ita cikin mutane. Majvor, ke ce kike hawa tsani da gwiwa mai ciwo saboda irin su Elvy, ba ki taɓa yi wa kowa gori ba.

Bana kamfani ya ce ado ba aikinsa ba ne, ya daina saye. A watan Disambar nan kuma gwiwa ta tilasta wa Majvor ajiye aiki. Elvy ce ta tsaya mata a rai.

Ranar da aka yi mata sallama, ni da Majvor muka shiga bas ɗin yamma tare, Sixten ke tuƙi. Rumfar farko, sai ga tauraro yana ci. Ta gaba ma haka. Duk a karkace suke, an ciro su daga tagogin gidaje. A ƙarƙashin ɗaya, ga Elvy zaune da jakarta.

Majvor ta goge ido. "Wane marar ido ne ya rataye su haka?"

Sixten bai waiwayo ba. "Tsaninki ne ke rawa."

Mun gode, Majvor, uwar hasken hanya, muna alfahari da ke. Duk mai tauraro a taga, ya kai shi rumfar da ke kusa da gidansa. Tagar Sixten dai cikin duhu take bana, kuma har yau ban ji ya yi mita ba.