Masu Sharar Mayanka

Da za a ce in zaɓi safiya ɗaya in goge ta daga rayuwata, ba zan yi dogon tunani ba. Safiyar da na zuba wa angulaye guba a bayan mayanka, ita zan goge. Na haura shekara saba'in, na yi fawa tun ina ƙarami har gwiwa ta hana ni tsayuwa. Hannuna ya saba da jini da kashin tumbi, amma babu abin da nake ƙyamar tunawa kamar wannan. Na ɓoye maganar shekaru masu yawa, sai jikata ta tono ta da karatunta na jami'a. Amma kafin in zo kan jikar sai na fara da kakar, domin ta gargaɗe ni tun ban iya riƙe wuƙa ba.

A wani ƙauye na ƙasar Birchi aka haife ni, cikin Kurfi, a gidan mahauta. Kakata ta wajen uba, Iya Hure, ita ke babbakar kai da ƙafa na dabbobin da aka yanka. Da an ci tuwon dare sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta ɗora ƙafar saniya, tana juyawa tana kankarewa da guntuwar wuƙa. Mu jikoki mu kewaye ta, ƙaurin gashi yana shiga mana hanci da riguna. A gidan wasu ƙamshin turare ke tuna wa mutum kakarsa. Ni har yau idan na ji ƙaurin babbaka, muryar Iya nake ji.

Wannan ƙaurin ne ya jawo mana tsiya a makarantar allo. Yara ba su son zama kusa da mu, suna toshe hanci suna ce mana 'ya'yan angulu. Wata rana na dawo da kuka, na ƙi cin tuwo, na ce in na girma sai na kashe duk angulun da ke duniya. Iya ta dube ni ta gefen hayaƙi ta ce, “Maigidan, zauna nan. Yau tatsuniyar taka ce.” Haka take ce mani, maigidan, irin wasan kaka da jika. Ta tura kara cikin wuta ta ce, “Ga ta nan tafe, ku matsa mata.” Muka ce ta iso, akwai wuri.

Ta ce a da can Angulu ta fi kowane tsuntsu kyan kai. Gashinta baƙi wuluk, har kafaɗa, kullum a tsefe. Sai annoba ta faɗa wa dabbobin wani gari, mushe ya cika hanya da bakin rijiya, har mutane suka kasa cin abinci. Mai gari ya tara tsuntsaye ya nemi taimako. Shaho ya ce shi mai rai yake ci. Balbela ta ce fararen kayanta ba na wannan aiki ba ne. Hankaka ya dubi farin ƙirjinsa ya ce yana da uzuri. Angulu ce kaɗai ta ce za ta gwada. Kwana bakwai tana cusa kai cikin ruɓaɓɓen ciki, tana haɗiye abin da ko kallonsa ba a iya yi, har gashin nan ya zube tas, ya bar mata jan ƙoƙo. Gari ya yi fes.

A nan Iya kan dakata ta kankare ƙafa, mu kuwa mu ƙagu. Ta ce da aka yi walimar godiya, aka shimfiɗa wa Balbela da Hankaka tabarma a gaba. Angulu ta iso, sai mata suka toshe hanci, yara suka bi ta da jifa. Iya ta shaƙe murya ta yi maganar Angulu: “To, na tafi. Abin da nake haɗiye maku kuwa, na bar maku kayanku.” Angulu ta tashi sama. Daga ranar duk abin da ya mutu sai ya tsaya inda ya faɗi. Ɗoyi ya shiga ruwa, ya shiga fura, ya shiga kayan amare. Aka tura Zakara ya ba ta haƙuri, amma fiffikensa bai wuce danga ba. Shi ya sa har gobe take shawagi can sama, tana leƙe ko mutane sun yi hankali.

Iya ta rufe da cewa tatsuniya ta ƙare, ta koma cikin toka, kowa ya tafi ya kwanta. Kullum da safe kuma takan watsa guntayen hanji bayan gida ta ce, “Ga na masu shara.” Sauran jikoki sun yi dariyar Zakara. Ni ban ji komai ba sai cewa Angulu tana wari, kuma da ita ake haɗa ni.

Na girma, na yi aure, na koma Dutsin-Ma na kama fawa sosai. A lokacin angulaye sun fi mahauta yawa a mayanka. Tun da asuba suke jere a kan katanga kamar masu jiran ɗaurin aure. Da mun zubar da kayan cikin da ba a so, kafin mu wanke wuƙaƙe sun share wurin. Ba su tsoronmu ko kaɗan, har tsakanin ƙafafunmu suke yawo kamar kaji. Ni dai ban daina jin ƙyamarsu ba.

Sai wani baƙo ya fara zuwa, mai yawan murmushi, da buhu a hammata. Ya ce kawunan angulu yake saye, har da ƙafafu da fiffike, akwai masu haɗa asiri da su a wani wuri mai nisa. Ya yi wa mahauta biyu magana suka kore shi. Ni na saurare shi. Shi ya kawo mani garin maganin ƙwarin gona, ya nuna mani yadda zan yi. Ba yunwa ce ta sa ni ba, kada wani ya nema mani uzuri. Ina da abin ciyar da gidana. Kwaɗayi ne, da tsohon haushin makarantar allo.

Ran nan na riga kowa zuwa. Na barbaɗe tumbi da hanji, na kai can bayan katanga inda ba a gani. Angulayen suka sauko da gudu saboda sun san ni. Ba a jima ba sai na ga wuyansu yana lanƙwashewa. Suna amai, suna jan fiffike a ƙasa, wani koren ruwa yana fita daga bakinsu. Ɗaya ta taho da tangaɗi ta faɗi a kan ƙafata, ta ɓata mani takalmi. Na sa wuƙar da nake yanka halal da bismillah, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina cire kai ina jefawa a buhu. Da na koma gida aka kawo mani koko, na kasa sha. Amma hakan bai hana ni sake yi ba, sau uku. A karo na ƙarshe baƙon bai dawo ba. Na rasa yadda zan yi da ragowar kai biyu da ƙafafu da fiffike ɗaya. Jefarwa tsoro, ƙonawa tsoro. Na shanya su a ɓoye, na naɗe a tsohuwar fata, na cusa cikin rumbun da muka daina zuba hatsi.

Ba a rana ɗaya angulaye suka ɓace ba, kuma na san ba ni kaɗai ba ne a ƙasar nan. Amma sannu a hankali katangar ta zama wayam. Kayan cikin da muke zubarwa suka fara kwana, su kumbura, su yi tsutsa. Koren ƙuda ya riƙa tashi daga juji ya sauka kan naman da za a kai wa mutane. Karnuka suka yi yawa, suna jan hanji har ƙofar gidaje. Wani jaki ya mutu a hanyar Karofi, ya fi mako biyu a wurin, masu babur suna wucewa da hula a hanci. Idan mahauta suna tambayar ina angulaye suka shiga, ni ma sai in girgiza kai in ce ikon Allah.

Sa'adatu 'yar babban ɗana ce, ita ce ta fara shiga jami'a a zuriyarmu. Ni karatuna bai wuce allo da yaƙi da jahilci ba, sai 'yan shekarun ajin manya, don haka na sha tambayarta me take koyo. Ta ce suna nazarin yadda halittu ke dogara da juna da kuma wurin da suke zaune, idan aka zare ɗaya me ke samun sauran. Ta ce kuma kowace halitta tana ɗauke da rubutun gadonta a cikin jiki, ko a gindin gashin tsuntsu akwai shi. Ana ciro shi a ɗakin gwaje-gwaje, na'ura ta mai da shi haruffa, kwamfuta ta gwada shi da na wasu ƙasashe. Na ce kamar dai yadda muke gane dangin mutum da tsagen fuskarsa. Ta ce, “Angona, ashe tsufa bai cinye kan duka ba.” Na ce amaryar da ba ta iya dama fura ba, ita ce za ta auna kan wani.

Da ta kai aji huɗu, sai ta zaɓi angulu a aikinta na kammala digiri, wai saboda ita jikar mahauta ce. Ta yi makonni tana sammako zuwa mayankar Dutsin-Ma da ta Kurfi da kasuwannin ƙauye, da madubin hangen nesa a wuya. Ko ɗaya ba ta gani ba. Ta bi tsofaffin mahauta da tambayoyi, kowa ya ce ikon Allah. Ta zo gare ni, na kalli idonta na faɗi haka nan ni ma. Ta rubuta ƙaryata a takarda da hannunta, har ta yi mani godiya.

Bayan kwanaki ta zo ta zauna a zaure, ta rame, ba wasa a bakinta. Ta ce malaminta ya ce in ba ta samo ko gashi ɗaya na angulun yankin nan ba, rabin aikin ya rushe, sai ta sake wani daga farko, ƙila abokan karatunta su fita su bar ta. Na ji kamar Iya Hure ce ke kallona ta gefen hayaƙi. Na tashi na ce ta biyo ni rumbun nan.

Da na kwance fatar, wani tsohon wari ya taso, irin na abin da ya bushe bai yafe ba. Gara ta ci rabin fiffiken. Kawunan sun ƙanƙance, baki a buɗe. Na gaya mata komai, ban rage ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta sa safar hannu, ta ɗauke su a hankali kamar mai ɗaukar jariri, ta zuba a leda mai tsabta. Sannan ta ce, “Alhaji, sun san ka fa. Shi ya sa suka sauko.” Tun da ta iya magana ba ta taɓa ce mani Alhaji ba sai ran nan.

Wata biyu ba ta leƙo ni ba. Ranar da ta dawo, da kwamfutarta ta zo. Ta ce kayan sun tsufa ƙwarai, da ƙyar aka sami ɗan abin karantawa a fatar yatsa ɗaya, amma ya isa. Ta nuna mani layuka na haruffa huɗu suna ta maimaita kansu, ta ce wannan ita ce angulun gari, irin da ake fargabar ƙarewarta. Ta ce ta goge ikon Allah ɗin da na faɗa mata, ta rubuta gaskiyar ba tare da sunana ba. Na ce ta kyauta. Da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Angona, a share rumbun nan, yana wari.” Na san ta sassauto, amma ba ta manta ba.

Ta gama karatunta lafiya. Ni kuwa na zauna da wannan: shekara sittin ina ɗauka Iya ta yi tatsuniyar ne don ta lallashe ni. Ashe gaya mani take yi cewa aikin gidanmu da na Angulu ɗaya ne, mu ke taɓa abin da mutane ke ƙyama don su ci mai tsabta. Yaran makarantar allo ba su yi ƙarya ba, ni ne na ji kunyar dangina har na yanka su. Yanzu angulun da ta rage a garinmu, a iya sanina, haruffa ce a cikin kwamfutar jikata, kuma haruffa ba sa share mayanka.

Don haka nake roƙonku, ku da kuka karanta. Idan mai buhu ya zo da murmushi yana neman kan wata halitta, ku kore shi kamar yadda mutanen kirki biyu suka yi a gabana. Kada ku sa guba a abin da wani mai rai zai ci saboda ya yarda da ku. In kuwa Allah ya sa kuka hango ɗaya tana shawagi a sama, kada ku bari yara su jefe ta. Ku ajiye mata hanji mai kyau a bayan katanga, ku ja baya. Leƙe take yi ko mun yi hankali.