Ƙullin Bakin Rumbu

Ina da shekara tara lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa. Muna zaman baƙunta a wata ƙasa, a unguwar da ake kira Derrière la Prison, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, ni da ƙannena da Baba da Umma da kakata Inna Tabawa, mahaifiyar Baba, wadda ya ɗauko daga Maraɗi. Baba yana da teburi a kasuwar Nkembo inda yake buga wa mutane wasiƙu da takardun ofis da tafireta. Kafin a shekara, farashin takarda ya ninka, masu zuwa wurinsa kuma suka koma wani shago da aka sa kwamfuta, don rubutunta ya fi tsabta.

Sai aka shiga farautar baƙin da ba su da katin zama. Na Baba ya ƙare, bai samu ya sabunta ba. Duk da haka ya sa sunansa a wani aji na koyon kwamfuta, yana bin lunguna don kauce wa jandarmomi. Mu yara an hana mu fita. Da an yi magariba sai mu kewaye murhun gawayin Inna, tana dama kunu tana ba mu tatsuniya da murya ƙasa-ƙasa.

Wata rana Baba ya dawo jiƙe da ruwan sama, ya zauna a bakin ƙofa bai ko cire takalmi ba.

"Inna, na bari," in ji shi. "Shekara ashirin ina buga rubutu, yau na taɓa wani abu, aikin yini guda ya ɓace. Kowa na dariya."

"Ka tambayi malamin?"

"Sa'an ƙanena ne fa."

Inna ta ajiye ludayi. Ta juyo gare mu ta ce, "Ga wata tatsuniya nan tafe, ku matso ku tare ta."

Wai an yi yunwa a wani gari. A bayan gari akwai rumbu cike da gero, ba mai shi, ba mai gadi, sai dai an ɗaure bakinsa da wani irin ƙulli. A garin akwai mai tufka igiya, wanda duk ƙullin duniya ya sani. Ya ce a bar masa. Ya je ya yi ta fama, yatsunsa suka yi jini, kullum ya dawo hannu wofi. A gindin rumbun kuwa wata gurguwa ce zaune tana tsinkar zogale, bai taɓa ko gaishe ta ba. A rana ta bakwai, yunwa ta kayar da shi a gabanta, ya ce, "Baiwar Allah, ko kin san yadda ake kwance wannan?" Ta ce, "Na sani mana. Ba a dai taɓa tambayata ba." Ta nuna masa, ya buɗe, gari ya ci ya ƙoshi.

"Nan na sauke ta," in ji Inna, ta miƙa wa Baba kofin kunu. Ya karɓa, kansa a sunkuye.

Washegari ya koma ajin. Ya yi mako uku yana zuwa, har ya fara ba Umma labarin yadda ake adana rubutu. Ran nan jandarmomi suka tare motar da yake ciki a hanya. Bayan kwana huɗu muka ji an sa su a jirgin ruwa an fitar da su daga ƙasar. Ya yi shekara biyu kafin ya dawo mana, kuma bai ƙara zama gaban kowace na'ura ba. Goro ya sayar har ya rasu. Inna ta daɗe tana cewa ita ta tura shi.

Yanzu ni ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a unguwar Okala. Bara aka ce sai mun ƙaro karatu, littattafan kuma duk suna intanet, ta hanyar wani laburare. Nakan je bayan na tashi aiki, ƙafafuna a kumbure. Sau uku ina manta lambar sirri. Na yi kwana biyu ina kallon allo, ina danna abin da ban gane ba, kafin na ɗaga hannu na kira matar da ke kula da wurin.

"Madam, ai da kin yi magana tun shekaranjiya," ta ce, ta jawo kujera.

Na daɗe ina jin haushin tatsuniyar nan. A cikinta mutum ya tambaya, ƙofa ta buɗe, shi ke nan. Ba jandarma a hanya, ba gajiya, ba tsufa. Sai yanzu nake ganin Inna ta san duk wannan. Ba ta da kuɗin kati, ba ta iya karatu ba, abin da take da shi ta ba ɗanta, kuma makonnin nan uku su ne na ƙarshe da na ga Baba yana dawowa gida da labari a bakinsa.

Ranar da matar nan ta taimaka mini na buɗe littafin farko, kan zubar jini bayan haihuwa. Shafi huɗu na karanta idona ya fara ruwa. Matar ta nuna mini yadda ake ƙara girman rubutu, na goge ido da bakin mayafi, na shiga na biyar.