Daddawar Inna a Akwatin Wuta

Jama'a, yau na ga abin da ya fi ƙarfina!

Tun safe duk soket ɗin gidanmu suka mutu. Ƙwan fitila na ci, amma firij shiru, ga naman sunan ƙanwar maigida jibge a ciki, suna kuma gobe!

Na kira Malam Sani mai gyaran wuta. Yana shigowa ya ja hanci ya ce, "Hajiya, waya ta ƙone, ba ki jin wari?" Ya kwance soket na falo, lafiya lau. Na ɗaki, lafiya. Na kicin ma haka! Gumi ya jiƙa shi sharkaf. Sai ya bi warin har zaure, ya buɗe akwatin wuta.

Wallahi ƙunshin ganye ne cushe a ciki! Daddawa!

Sai ga Inna, surukata da ta zo suna daga Kekun Waje, tana salati. "Wa ya buɗe min? Duk gidanga siminti ne, nan kaɗai na samu ɗumi da za ta nuna!"

Malam Sani ya ce, "Inna, wannan makunnin soket ɗin da ke kashe fa?"

Ta ce, "Tokare min wuri ya yi, na danne shi ƙasa."

Na ce, "Inna, nama zai lalace!"

Ta harare ni ta ce, "Nama a soya shi. Miyar suna babu daddawa, da wane ido zan kalli mutane?"

Ta mayar da ƙunshinta, ta rufe akwatin. Ga ni nan gaban murhu ina suya!